Ƙarin ilimi ga masu ɗaukar hoton asibiti a Najeriya

Ƙarin ilimi ga masu ɗaukar hoton asibiti tsari ne da ke wajabta wa ma'aikacin da ya riga ya gama karatu ya ci gaba da halartar kwasa-kwasai da bitoci muddin yana kan aiki. Mai ɗaukar hoton asibiti, wato radiyogirafa, shi ne ke sarrafa na'urorin eksire, CT da MRI, sau da yawa har da na'urar sikanin ciki. Ya bambanta da likitan hoto, wanda aikinsa karanta hoton ne da rubuta sakamako.

Hukumar da ke kula da aikin

Hukumar Rajistar Masu Ɗaukar Hoton Asibiti ta Najeriya, wadda aka fi sani da RRBN, ita ce ke ba da lasisi. An kafa ta da doka mai lamba 42 ta shekarar 1987. Ɗalibi yakan yi shekara biyar a jami'a, ya ƙara shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti. Ana sabunta lasisi duk shekara, kuma hukumar tana neman shaidar cewa ma'aikaci ya halarci shirye-shiryen ƙarin ilimi da ta amince da su. Lasisin ajiye na'urar kanta yana hannun wata hukuma dabam, NNRA, wadda dokar 1995 ta tanada, ta kuma fara aiki a 2001.

Dalilin wajabta shi

Tun da Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus ranar 8 ga Nuwamba, 1895, kayan aikin ba su zauna wuri ɗaya ba. An fara ɗaukar majinyaci da CT a Landan a 1971, daga baya MRI ta shigo, sannan kwamfuta ta maye gurbin fim.

Sauyin ƙarshen nan ya zo da haɗarin da ba a gani da ido. A zamanin fim, in hasken ya yi yawa hoton yakan yi baƙi, ma'aikaci ya gane nan take cewa ya wuce kima. Na'urar kwamfuta kuwa tana gyara hoton da kanta, ya fito tas ko da majinyaci ya sha haske fiye da buƙata. Wanda ya koyi aiki da fim dole a sake koya masa duba lambar da na'urar ke nunawa, ba kyan hoton kaɗai ba.

Har abin da aka daɗe ana koyarwa yakan sauya. Shekaru da dama ana ɗora wa majinyaci shimfiɗar dalma a mara don kare gaɓoɓin haihuwa. A 2019 ƙungiyar masana fiziks na asibiti ta Amurka ta ba da shawarar a daina yin haka a matsayin al'ada, saboda dalmar kan rufe wurin da ake son gani har a sake ɗaukar hoton. A 2020 aka fitar da makamanciyar shawarar a Birtaniya. Wanda ya gama jami'a kafin nan ba zai ji wannan ba sai a bita ko a mujallar sana'a.

Ma'aikacin ma yana da iyaka. Ƙa'idar duniya ita ce kada ya wuce milisibat 20 a shekara, idan aka ɗauki matsakaicin shekara biyar, shi ya sa yake maƙala ɗan ma'aunin haske a rigarsa.

Ɗa'ar aiki

Wannan ɓangare ya ƙunshi neman yardar majinyaci, tambayar mace ko tana da juna biyu kafin a haska ta, da rufa asiri. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana fitar da bayanan majinyaci ba da izininsa ba, sai a wuraren da doka ta keɓe, don haka yaɗa hoton da ke ɗauke da sunansa a Facebook ko WhatsApp keta haddi ne. A ƙasar Hausa akwai kuma batun sutura: a ba mace rigar asibiti da wurin sauya kaya, a sa ma'aikaciya ta tsaya tare da ita.

Harshe ma yana ciki. Ana koyar da aikin da Turanci, amma da Hausa ake yi wa yawancin majinyata bayani, kuma kalmar "hoto" ita ce ta eksire, ita ce ta CT, wani lokaci har da sikanin. Alhali sikanin da sauti yake aiki, MRI da maganaɗisu, CT kuwa haskenta ya fi na eksiren ƙirji nesa ba kusa ba. Yardar da aka samu ba tare da an bambance waɗannan ba, da sauranta.

A Jihar Sakkwato

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da sashen koyar da wannan fanni, ɗalibanta kuma suna gwajin aiki a asibitin koyarwa na jami'ar da ke birnin Sakkwato. Jami'ar Bayero ta Kano ma tana da irin sashen. Galibi a manyan birane ake yin bitocin. Ma'aikacin da ke kudancin jihar, wajen Tambuwal ko Kebbe, inda mutanen garuruwa irin su Fakku ke neman magani, sai ya yi tafiya ya kuma nemi wanda zai riƙe masa aiki kafin ya halarta. Tun bayan annobar korona ta 2020 ana gabatar da wasu laccocin ta intanet, wanda ke da waya da data yana iya bi daga inda yake. Koyon sanya majinyaci daidai a kan sabuwar na'ura kuwa sai an je inda na'urar take.