Daga Cadawa zuwa Damagaram: Tafiyar Ɗaukaka Ƙara

Rikicin gona a Cadawa yakan fara gaban sarki, wanda doka ta ba ikon sulhu kawai. In ya gagara, sai kotun Agye, sannan Maraɗi; kotun ɗaukaka ƙara kuwa ta daɗe tana can Damagaram. A tsarin mulkin Nijar na 2010, kafin a dakatar da shi a 2023, shugaban ƙasa ke naɗa alƙalan waɗannan kotuna bisa shawarar majalisar ƙoli ta alƙalai. Alƙalin da aka naɗa kan zama baƙo a garin, wasu kuma na cewa baƙon alƙali ya fi adalci, tunda ba shi da dangi a gari. Haka ne, amma wanda ya karanci doka da Faransanci bai san iyakar gonar kakanni ba. Shi ya sa dokar tsara kotuna ta 1962 ta zaunar da masana al'ada gefensa, kuma zaɓensu ya cancanci irin kulawar da ake ba zaɓen alƙali.