Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Sinawa Suka Sami Gindin Zama a Amurka

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa, ya aiko da takarda yana tambaya: shin yaushe mutanen ƙasar Sin suka fara zuwa Amurka, kuma yaya aka karɓe su?

To malam, ga amsar tambayarka. An gano zinariya a Kalifoniya a 1848, sai Sinawa, galibinsu manoma daga kudancin ƙasarsu, suka riƙa tsallake teku suna zuwa ci-rani. A 1852 aka aza wa baƙi masu haƙar zinariya harajin dala 3 kowane wata, kuma kan Sinawa ya fi faɗawa. Daga baya fiye da 10,000 cikinsu suka fasa duwatsu wajen shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta haɗe gabashin Amurka da yammacinta. An gama a 1869, ladansu kuwa bai kai na Turawa ba.

Da aiki ya yi wuyar samu, sai aka ci moriyar ganga aka ya da kwaurenta. Aka ce wai su ke karya kuɗin ƙwadago. A 1882 majalisa ta kafa dokar hana leburorin Sin shiga ƙasar. A 1885 Turawa masu haƙar kwal suka kashe Sinawa 28 a garin Rock Springs.

Makaminsu shi ne haɗin kai. Ƙungiyoyinsu suka riƙa tara kuɗi suna ɗaukar lauyoyi. A San Faransisko an hana Sinawa masu wanki da guga kusan 200 izinin sana'a, Turawa kuwa aka ba kusan dukkansu. Wani mai suna Yick Wo ya ci gaba da aikinsa, aka ɗaure shi. A 1886 Kotun Ƙoli ta ce an zalunce shi, domin doka ta kare baƙo kamar yadda ta kare ɗan ƙasa. A 1898 kuma ta ce Wong Kim Ark ɗan ƙasa ne, tunda can aka haife shi.

Dokar hana shiga kuwa sai a 1943 aka soke ta, lokacin da Sin da Amurka ke yaƙar Japan tare, kuma mutum 105 kacal aka yarje wa a shekara. Ƙofa ba ta buɗe sosai ba sai a 1965. A 2012 majalisar wakilai ta bayyana nadama kan dokar.

Da fatan ka gamsu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.