Tarihin Kwal a Enugu da Ruwan da Muke Sha

Yaranmu da yawa an haife su a nan Enugu, suna jin ana ce mata Coal City, amma ka tambayi ɗayansu ina kwal ɗin yake, sai ya yi shiru. To, bari mu ɗan waiwaya, domin waiwaye adon tafiya ne.

A shekarar 1909 ne Turawa masu binciken ma'adinai ƙarƙashin Albert Kitson suka gano kwal a tsaunukan Udi. Zuwa 1916 an shimfiɗa layin dogo har Fatakwal, kwal ya fara sauka bakin teku. A 1917 aka buɗe mahaƙar Iva Valley. Wannan jirgin da ke ɗaukar kwal shi ya sauƙaƙa wa kakanninmu zuwa da shanu da fatauci, har muka kafu a Asata da Gariki. Kada mu manta, daga cikinmu aka samu Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, wanda ya zama magajin garin Enugu na farko.

Amma dubi yadda aka tsara garin. Bature ya ware wa kansa GRA, mai fili da iska. Leburori kuma aka cusa su a Coal Camp, kusa da aiki. Hankalin masu tsarin yana kan hanyar da kwal zai bi ya fita. Inda ruwan rami zai malala, babu wanda ya damu da shi. Ko ran ɗan Adam ma bai yi tsada ba: ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta kan ma'aikata masu yajin aiki a Iva Valley, mutum 21 suka mutu.

A 1950 aka kafa Hukumar Kwal ta Najeriya. Ba a jima ba kasuwa ta fara juyawa. An samu mai a Oloibiri a 1956, jiragen ƙasa suka koma amfani da dizal, sannan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da aiki, ramuka suka cika da ruwa. Daga nan kwal bai sake miƙewa kamar da ba.

Masu haƙa sun tafi, ramukan Onyeama da Okpara suna nan. Ruwan da ke kwanciya cikin tsohon ramin kwal yakan yi tsami, ya kwaso tsatsar ƙarfe, ya tsiyayo cikin rafi. Kogin Ekulu ya daɗe yana karɓar irin wannan. Mu da muke sayen ruwan tanka duk mako, muke shayar da shanu, muke alwala, wallahi wannan magana tamu ce.

Yau doka ta canza. Tsarin mulki ya ce ma'adinai na Gwamnatin Tarayya ne, ƙasa kuma tana hannun gwamna bisa dokar 1978. Dokar 1992 ta wajabta a binciki illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce sai kamfani ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da masu gari, kuma ya gyara wurin in ya gama. Sai dai doka a takarda ba ta tare ruwa. Sai an samu masu tambaya.

Kuskurenmu shi ne mukan ce mu baƙi ne, wannan zancen 'yan ƙasa ne. Haba jama'a! Wanda kakansa ke kwance a maƙabartar garin nan, ruwan garin ya shafe shi. Duk lokacin da aka sake tada zancen haƙar kwal, Sarkin Hausawa da kwamitin masallaci su tura wakilai zaman jin ra'ayi, tare da maƙwabtanmu Inyamurai masu ƙasar. A tambayi abu uku: ina ruwan ramin zai bi, wa zai rufe ramin bayan an tashi, kuma ina manyan motoci za su riƙa wucewa.

Addininmu ya hana ɓarna a bayan ƙasa, kuma ruwa amana ne. Allah ya ba mu ikon riƙe ta, ya zaunar da garin nan lafiya. Amin.