Tsofaffin tambayoyin jarrabawa

Tsofaffin tambayoyin jarrabawa su ne tambayoyin da wata hukumar shirya jarrabawa ta riga ta yi amfani da su a shekarun baya, waɗanda ɗalibai ke bita kafin su zauna tasu jarrabawar. A Najeriya an fi neman na WAEC, wadda aka kafa a shekarar 1952, da na JAMB (1978) da NECO (1999). Ana sayar da su littafi-littafi, kowane darasi da nasa, yanzu kuma har a manhajojin waya ana samunsu.

Babban amfaninsu shi ne sanin salon tambaya da sabawa da ƙarancin lokaci. A jarrabawar UTME ta JAMB, wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ɗalibi yana amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu: 60 na Turanci, sai 40 a kowanne daga sauran darussa uku. Kowace tambaya ke nan tana da daƙiƙa 40 kacal. Shi ya sa malamai ke son ɗalibi ya gwada kansa da agogo a gabansa, sai ya gama sannan ya duba amsa.

Sai dai amsoshin da ke bayan yawancin littattafan nan masu wallafawa ne suka rubuta su, ba hukumar ba, kuma akan samu kuskure a ciki. Wanda ya haddace su bai gane darasin ba yakan rikice da zarar an sauya lambobin lissafi. Haka kuma littattafan adabi da ake tambaya a kansu suna canzawa bayan 'yan shekaru, don haka tsohuwar takarda ba ta maye gurbin manhajar karatu ta bana.