Motsa jiki a makaranta da ginuwar jijiyoyin ƙananan yara

Iyayen yara a New Bell da Bonamoussadi sun saba jin wata kalmar Faransanci a bakin malaman ƙananan azuzuwa, wato psychomotricité, har wasu makarantun kuɗi na Duwala suna rubuta ta a takardar talla. Abin da take nufi shi ne alaƙar da ke tsakanin motsin jikin yaro da ginuwar ƙwaƙwalwarsa da jijiyoyinsa. Mun ga ya dace mu yi bayaninta da harshenmu, domin ta shafi tsarin da muke bi da yaranmu a makarantar boko da ta allo da Islamiyya.

Yadda jiki ke koyon motsi

Ana haihuwar jariri da wasu motsi da ba da nufinsa yake yi ba. In ka sa yatsa a tafin hannunsa zai damƙe. In ya ji kamar zai faɗi, ko aka yi ƙara mai ƙarfi, sai ya zabura ya ware hannuwa, wannan shi ne abin da likitoci ke kira motsin Moro. In kansa ya juya gefe, hannun wannan gefen yakan miƙe, ɗayan ya lanƙwashe. Ƙasan ƙwaƙwalwa ne ke tafiyar da waɗannan, kuma yawancinsu sukan lafa tsakanin wata huɗu zuwa shida, yayin da saman ƙwaƙwalwa ya fara karɓar ragama. Daga nan iko yana saukowa daga kai zuwa ƙafa, daga tsakiyar jiki zuwa yatsu. Wuya ne ke fara tsayawa, sai baya, sai ƙugu. Kafaɗa tana riga yatsu ƙwarewa, shi ya sa yaron da kafaɗarsa ba ta kafu ba yakan sha wahalar riƙe alƙalami ko da kansa na ja.

Abubuwa uku ke aiki tare kafin yaro ya tsaya cak ko ya zauna da kyau: ido, da wani sashe a cikin kunne mai auna juyawar kai, da saƙon da tsoka da gaɓoɓi ke aikawa sama. Ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya tana haɗa waɗannan saƙonni tana gyara kuskure, kuma da maimaici take koyo. Duk faɗuwar da mai tatata ya yi, darasi ne gare ta.

A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon binciken da ta yi kan yara a ƙasashe biyar, wato Gana, Indiya, Norway, Oman da Amurka. Ta gano yaro mai lafiya yakan zauna da kansa tsakanin kusan wata 4 zuwa 9, ya yi rarrafe tsakanin wata 5 zuwa 13 da rabi, ya taka shi kaɗai tsakanin wata 8 zuwa kusan 18. Tazarar tana da faɗi, don haka uwar da ɗanta bai yi tafiya a watan da ɗan maƙwabciya ya yi ba, kada ta tayar da hankalinta. Kusan huɗu cikin ɗari na yaran ma ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam, suka wuce kai tsaye zuwa tafiya.

Shirye-shiryen da ake kawowa makarantu

Abin da ya iso mana ta hanyar Faransa ya samo asali ne daga aikin likita Julian de Ajuriaguerra da Giselle Soubiran a birnin Faris, kuma a 1974 gwamnatin Faransa ta mayar da shi sana'a mai takardar shaidar hukuma. Masu wannan horo suna aiki da yaro ɗaya ɗaya ko ƙaramin rukuni: tafiya a kan layi, tsalle, jifa da cafewa, sanin dama da hagu, bin kiɗan tafi.

A Ingila kuwa, Peter Blythe ya kafa wata cibiya mai suna INPP a garin Chester a 1975. Ra'ayinsu shi ne a wasu yaran motsin jarirantaka ba ya lafawa gaba ɗaya, sai ya riƙa yi musu katsalandan wajen zama da rubutu da bin layi da ido. Shirinsu na makaranta minti goma ne kowace rana har tsawon shekarar karatu, ana yin motsi a hankali irin na jariri, galibi a kwance a ƙasa. A 2000 masu bincike na Jami'ar Queen's da ke Belfast sun wallafa wani gwaji a mujallar The Lancet kan yara 60 masu matsalar karatu, suka ga waɗanda aka yi wa irin wannan atisaye sun ƙara gaba. Sai dai yara 60 ba su da yawa, kuma masana da dama suna ganin hujjar cewa wannan motsi yana gyara karatu ba ta kai a gina hukunci a kanta ba. Wani shirin mai suna Brain Gym, daga Amurka, ya fi shan suka, saboda bayanansa game da ƙwaƙwalwa ba su dace da abin da masu ilimin jijiya suka sani ba.

Akwai kuma mai sauƙi. A 2012 wata shugabar firamare a garin Stirling na Sikotilan, Elaine Wyllie, ta fara fitar da yara su yi gudu ko sassarfa na minti 15 kullum, da kayan makarantarsu, ba tare da wani kayan aiki ba. Ana kiransa Daily Mile, kuma ya bazu zuwa ƙasashe da yawa.

A namu ganin, abin da ya tabbata shi ne yaran da ake koya wa tsalle da jifa da daidaita jiki a kai a kai suna ƙwarewa a kansu, kuma motsi yana ƙara lafiyar zuciya da ƙashi, yana taimaka wa yaro ya natsu a aji bayan ya motsa. Wanda ya ce maka atisayensa zai mayar da ɗanka haziƙi, ko ya warkar da kowace matsalar karatu, ka riƙe kuɗinka ka nemi hujja.

Inda matsalarmu take

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa ɗan shekara 3 zuwa 4 ya sami aƙalla minti 180 na motsi a yini, 60 daga ciki mai sa haki, kada a ɗaure shi wuri guda fiye da awa ɗaya a jere, kuma kallon waya ko talabijin kada ya wuce awa ɗaya. Daga shekara 5 zuwa 17, shawarar ita ce minti 60 na motsi mai ƙarfi a yini.

To mu auna da yinin yaronmu. Da sassafe a ɗora shi a kan bensikin zuwa boko, ya zauna a benci har bayan azahar. Ya dawo ya ci abinci, sai allo ko Islamiyya, zama a tabarma har kusan magariba. Da dare waya. A New Bell gidaje a cunkushe suke, tsakar gida ta zama ɗakunan haya, lungu kuma babura sun mamaye shi. A Bonamoussadi akwai sarari, ga filin Parcours Vita ba nisa, amma yara da yawa suna bene a kulle. Ga ruwan Duwala, wanda yake haura milimita 3,000 a shekara, a Yuli da Agusta yakan hana fita kwana da kwanaki. Wasannin makarantu na FENASSCO suna da amfani, amma gasa ce ta zaɓaɓɓu, ba ta kai ga ɗan shekara huɗu. Samuel Eto'o a titunan New Bell ya fara buga ƙwallo. Yau uwa nawa ce za ta bar ɗanta a titin?

Kuma yaronmu yana ɗauke da aikin hannu biyu: rubutun boko daga hagu zuwa dama da biro, rubutun allo daga dama zuwa hagu da alƙalamin kara da tawada. Duka suna buƙatar baya mai ƙarfi, kafaɗa tsayayya da ido mai bin layi. Yaron da ke yawan mutsu-mutsu, ko yake kwanciya a kan allonsa, sau da yawa gajiyar jiki ce. Bulala ba ta gina tsoka.

Abin da muke da shi a hannu

Wasannin gargajiyarmu sun riga sun ƙunshi mafi yawan abin da ake sayar mana. Langa tsayuwa ce da tsalle a ƙafa ɗaya. 'Yar gala-gala ta haɗa jifa da auna tazara da daidaita jiki. Carafke tana horar da ido da yatsu. Gaɗa da tafa-tafa suna koyar da bin ƙa'idar lokaci da haɗa hannun dama da na hagu. Babu wanda ke buƙatar fili mai girma. Harabar masallaci ko barandar makaranta ta isa, da gawayi ko alli a zana layi. Malamin Islamiyya zai iya tsayar da karatu bayan minti talatin ko arba'in, yara su miƙe su yi minti biyar zuwa goma, mata a gefensu maza a gefensu, sannan a koma. 'Yan mata su ne suka fi rasa wannan dama, domin da sun tasa sai aikin gida da raino.

Wannan bai saɓa wa tarbiyyar addini ba. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Nasa'i ya ruwaito cewa ya tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa ba. Abu Dawud kuma ya ruwaito tserensa da Nana A'isha (RA).

Ga jarirai, goyo yana da alheri, amma a riƙa sauke yaro a shimfiɗa mai tsabta ya yi rubda ciki yana farke ana kallonsa, jimillar minti 30 a yini. Barci kuwa a rigingine. Keken da ake zaunar da jariri a ciki yana yawo ba ya saurin koya tafiya, kuma saboda haɗarinsa Kanada ta haramta sayar da shi a 2004.

Wasu alamomin sun fi ƙarfin wasa. Jaririn da bai zauna da kansa ba bayan wata tara, ko bai taka ba a wata 18, ko jikinsa ya sandare ko ya saki, ko yake amfani da hannu ɗaya kawai tun bai shekara ba, ko ya rasa abin da ya riga ya iya, a kai shi asibitin gunduma na New Bell ko Laquintinie a duba shi, musamman in ya yi shawara mai tsanani bayan haihuwa, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ƙarancin jini da rashin abinci mai gina jiki su ma suna jinkirta motsi. Akwai kuma kusan biyar zuwa shida cikin ɗari na 'yan makaranta da ke da matsalar haɗa motsi duk da hankalinsu lafiya lau: sa maɓalli, ɗaure takalmi da cafe ƙwallo suna ba su wuya. Irin waɗannan suna buƙatar mai horo ya koya musu aikin da ke gagararsu daki-daki, a kuma ƙara musu lokaci wajen rubutu a aji.