Makiyayan da Ke Cikin Ƙwaƙwalwa: Darasi Daga Ciwon Barci

Jama'a, wani dattijo a Changli, nan Tamale, ya tambaye mu: ƙudan tsando a fata yake cizo, to me ya kai ciwonsa cikin kai? Bari mu bi tarihi.

A shekarun 1930 ciwon barci ya yi ɓarna a arewacin Gana, musamman wajajen Gambaga da Lawra. Haka a ƙasar Zazzau, har aka tashi mutanen yankin Anchau aka kafa musu garin Takalafiya. Ciwon kan fara da zazzaɓi da kaluluwa a wuya. Daga baya sai ka ga mutum yana gyangyaɗi da rana, dare ya yi ido biyu, hali ya sauya. Idan ba magani, sai dai kabari.

Lokacin likitoci sun san ƙwayar cutar na shiga ƙwaƙwalwa, amma ba su gama sanin masu gadin wurin ba. A 1856 wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya kira abin da ke tsakanin ƙwayoyin jijiya "danƙo", wai aikinsa riƙe su kawai. A shekarun 1890 aka raɗa wa wasu daga cikinsu suna astirosayit, saboda siffarsu ta tauraro. Sai a 1990 aka nuna suna jin saƙon jijiya, har suna isar wa junansu.

Kai makiyayi, kai za ka fi gane aikinsu. Ƙwayoyin jijiya su ne garke, masu siffar tauraro su ne masu kiwo. Suna ɗauko abinci daga jini su ba jijiya. Suna share ragowar sinadarin saƙo a mahaɗar jijiyoyi, kamar share turke; in ya taru, jijiya ta rikice, har farfaɗiya na iya biyo baya. Sannan suna naɗe hanyoyin jini, suna ƙarfafa shingen da ke tare ƙwaƙwalwa. Idan ƙwayar ciwon barci ta keta shingen nan, sai su kumbura su shiga faɗa, kumburin kuma ya taɓa garken da suke tsaro.

Shi ya sa magani ya yi wuya, dole ya tsallake shingen. Allurar melasofurol ta 1949 tana tsallakewa, amma tana kashe kusan mutum 5 cikin 100. Yau akwai ƙwayar sha ta kwana 10, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ciwon ya daina zama barazana ga jama'a a Gana.

Sai dai tsando na nan a bakin rafi, sammore na nan a shanu, ku kuma kullum kuna ƙetare iyaka. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, ga kaluluwa a wuya, kada ku jira barci ya zo. Ku je asibiti, ku faɗi dajin da kuka bi. Allah ya tsare.