Ganuwar Kano da wuraren tarihinta: Abin da baƙo daga Gaya da Ajingi zai gani

Mutumin Gaya ko Ajingi da ya bi hanyar Wudil ya shiga Kano yana bin sawun kakanninsa ne. Tarihin baka ya nuna cewa wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya neman tama, ya yada zango a gindin Dutsen Dala, har garin ya ci sunansa. Zuriyar waɗannan maƙera ake kira Abagayawa. Saboda haka ya dace ziyara ta fara daga Dala, inda Barbushe ya jagoranci bautar Tsumburbura kafin zuwan Musulunci. Da sanyin safiya ya fi kyau a hau, domin daga ƙolinsa ana hango tsohon birni gaba ɗaya.

Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ne ya aza harsashin ganuwa, sarakunan bayansa suka riƙa faɗaɗa ta, musamman Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Lokacin da Lugard ya gan ta a 1903, ya ƙiyasta tsayinta da ƙafa 30 zuwa 50. Duk da haka ba ta tare igwa ba. A ranar 3 ga Fabrairu, 1903, rundunar Kanar Morland ta shigo ta Ƙofar Kabuga, alhali Sarki Alu yana kan tafiyarsa ta Sakkwato.

Wanda ya je Kabuga yau, titi da hayaniyar motoci zai tarar. Tsofaffin ƙyamaren ƙofar suna ajiye a Gidan Makama, kuma a nan ne ya kamata baƙo ya fi daɗewa. An gina gidan ne a ƙarni na 15 domin Rumfa, tun yana riƙe da sarautar Makama. Bayan cin birnin, Turawa suka mayar da shi ofishinsu, daga bisani ya zama gidan adana kayan tarihi ƙarƙashin hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi. Akwai sulke da kwalkwali da lifidi, da hotunan farkon zamanin Turawa. Amma ginin kansa ya fi abin da ke cikinsa: a ɗaga kai a dubi daurin guga da jerin azara, a kuma lura da sanyin ɗakunan ko da tsakar bazara.

Gidan Rumfa, fadar Sarkin Kano, yana kusa da nan, sai dai gida ne mai mutane a ciki, ba a shiga ciki sai da izini. Daga nan Kasuwar Kurmi da Marinar Ƙofar Mata ba su da nisa, kuma har yanzu ana rini da baba a ƴan karofin da suka rage.

Turawa ba su zauna cikin birni ba, Nassarawa suka koma, a wajen ganuwa. A can Gidan Ɗan Hausa yake, gidan ƙasa da Hanns Vischer, haifaffen Suwizalan, ya zauna a ciki, shi da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909.

Tun 2007 ganuwar ke cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO domin zama kayan tarihi na duniya, amma har yau ba ta wuce matakin jira ba. A wurare da dama an haƙe ƙasarta an yi gini, a wasu an kafa shaguna da gidaje a kanta, ruwan damina kuma yana cin abin da ya saura. An sake gina ƙofofi da dama da siminti, sun yi kyau a ido amma ba su ne na asali ba. Mai son ganin ainihin badala ya bi titin tsohuwar Jami'ar Bayero, tsakanin Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya da Dukawuya, inda guntayenta ke nan tsaye.